Fina-finan Japan masu sa mutum tausayin mai laifi: faɗakarwa ce ko ƙawata ɓarna?

Sadiku, Malali:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka saba kallon fina-finan Japan masu tafiyar hawainiya ce, irin waɗanda ake kaiwa gasar ƙasashen duniya. A fim ɗin Hirokazu Kore-eda mai suna Shoplifters, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes da ake yi a Faransa a 2018, wasu mutane ne da ba jini ɗaya ba suke zaune a matsayin iyali, suna koya wa yaro sata a kantuna. Sun tsinci wata ƙaramar yarinya da iyayenta ke gallaza wa, suka riƙe ta ba da sanin hukuma ba, kuma da tsohuwar gidan ta rasu sai suka binne ta a cikin gida suka ci gaba da karɓar fanshonta. Daga ƙarshe an kama su, an ɗaure matar gidan, an mayar da yarinyar hannun uwarta, amma zuciyata tana tare da ɓarayin. Wannan ne ya tayar mini da hankali. Shin fim ɗin da zai sa mutum ya ƙaunaci ɓarawo bai zama ƙawata ɓarna ba?

Malam Haruna, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Malam Sadiku. Ya kamata a fara sanin cewa Kore-eda ba daga kansa yake ƙago waɗannan abubuwa ba. A 2010 an gano gawar wani tsoho a wani gida a Tokiyo, wanda a takardun hukuma yana raye da shekara 111, alhali ya daɗe da mutuwa kuma iyalinsa na cin kuɗin fansho da sunansa. Haka fim ɗinsa na 2004, Nobody Knows, ya samo asali ne daga abin da ya faru a unguwar Sugamo a 1988, inda wata uwa ta tafi ta bar 'ya'yanta ƙanana su kaɗai a gidan haya tsawon watanni. A fim ɗin yaran huɗu ne, ba a sa su makaranta ba, aka yanke musu ruwa da wuta, ƙaramarsu ta mutu, yayanta ya sa gawarta a akwati ya binne ta kusa da filin jirgin sama na Haneda. Yuya Yagira, wanda ya fito a matsayin yayan, ya ci kyautar gwarzon jarumi a Cannes yana ɗan shekara 14.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne inda fim ɗin ya ajiye laifin. Da an mayar da uwar muguwa zalla, da mai kallo ya tsine mata ya kwanta barcinsa lafiya. Amma an nuna ta mai fara'a, tana taje wa 'yarta kai, don haka dole idonka ya koma kan maƙwabta da masu kanti waɗanda suke ganin yaran cikin dauɗa kullum, ba wanda ya sanar da hukuma. Duk wanda ya bi ta Kawo a Kaduna da daddare ya ga yara ƙanana kwance a bakin shaguna ya wuce abinsa, ya san wannan tuhumar ta shafe shi.

Hajiya Bilkisu, Unguwar Rimi:

Malam Haruna, na ji bayaninka, amma ban yarda a yi musu kuɗin goro ba. Na kalli The Ballad of Narayama na Shohei Imamura, wanda shi ma ya ci babbar kyautar Cannes a 1983, inda a wani ƙauye mai fama da yunwa duk wanda ya kai shekara 70 ɗansa ke goya shi ya kai shi kan dutse ya bar shi ya mutu. Tsohuwar da kanta ta fasa haƙoranta da dutse saboda kunyar a ce har yanzu tana iya cin abinci, kuma an nuna tafiyarta dutsen a matsayin mutunci da cikar kamala. Mu da aka hore mu kada mu ce wa iyaye ko "tir", ta yaya za a ce wannan faɗakarwa ce? Sannan ga Nagisa Oshima da fim ɗinsa na 1976 a kan labarin Sada Abe (wata mata da ta kashe masoyinta a Japan), wanda tsiraicinsa ya kai sai a Faransa aka wanke hotunansa, kuma a Japan ɗin kanta aka gurfanar da shi a kotu a kan littafin da ya fitar game da fim ɗin, ko da yake kotun ta wanke shi daga zargin. Wannan ba zai shiga gidana ba, kowace irin kyauta aka ba mai shi.

Dokta Maryam, Barnawa:

Hajiya, a kan na Oshima ina bayanki, kuma ba na ba kowa shawarar ya nema. Amma batun tsofaffi ina roƙon ki duba Plan 75 na Chie Hayakawa, wanda ya fito a 2022. A cikinsa gwamnati ce ta kafa doka cewa duk wanda ya kai shekara 75 yana iya neman a ɗauki ransa, a ba shi yen 100,000 ya kashe kafin ranar. Babu mugun fuska ko ɗaya a ciki, ma'aikatan matasa ne masu ladabi da ke cike takarda cikin murmushi, kuma ladabin nan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Tsohuwar fim ɗin mai shekara 78 ba don ta gaji da rayuwa ta sa hannu ba, aikinta na shara a otal ta rasa, aka ƙi ba ta hayar ɗaki saboda shekarunta, ba ta da ɗa ko jika.

Hayakawa ta bayyana cewa kisan Sagamihara na 2016 ne ya zaburar da ita, inda wani tsohon ma'aikacin gidan kula da naƙasassu ya kashe mutum 19 yana iƙirarin cewa rayuwarsu ba ta da amfani. A ƙasar da kusan kashi 29 cikin 100 na jama'arta sun kai shekara 65, maganar cewa tsoho nauyi ne a kan al'umma ta riga ta shiga bakin mutane, ita kuma ta yi fim ɗin ne don ta yaƙe ta. A wajen aikina ina ganin tsofaffin da ke ɓoye ciwo don kada su ɗora wa 'ya'yansu kuɗin magani, saboda haka ban kalle shi a matsayin labarin wata ƙasa mai nisa ba.

Hajiya Bilkisu, Unguwar Rimi:

Dokta, zan neme shi in kalla, in sha Allahu, tunda kin ce bai yabi abin ba. Amma Malam Sadiku, ka kula da wanda ke zaune kusa da kai lokacin da kake kunna irin waɗannan. Babba yana iya tausaya wa ɓarawo ya kuma san sata haramun ce, yaro ɗan shekara goma kuwa dabarar ɓoye kaya a jaka kawai zai ɗauka. Na Narayama kuma har gobe ban sauka daga ra'ayina ba.