Gajiyar dutin dare ta kai ni bango

'Yar Mabera: Salam 'yan uwa, ni nas ce, sati biyu ina dutin dare ga zafi ga marasa lafiya sun yi yawa, barci ya ƙi zuwa, ko ɗiyana ban son su yi min magana wallahi. Akwai bincike kan wannan?

Ɗan Gwadabawa: Sannu anti. Abin nan ana ce mai burnout, wato matsananciyar gajiyar aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa shi cikin ICD-11, kundinta na rabe-raben cututtuka da matsalolin lafiya, alamomi ukku, ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita ranka, ƙwazo ya ragu. Sunka ce daga wurin aiki yake tasowa.

Baba Likita: Ɗiyata kar ki raina rashin barcin nan, ki tai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ki ga likita, ba hauka ba ne. Ki samu shugabarku a gyara miki duti.

'Yar Mabera: Na gode Baba, gobe insha Allah.