Chadi ta karɓi 'yan gudun hijirar Sudan, masu arziki sun kulle ƙofa: rashin hali ne ko rashin so?

Malama:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ni ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti, mutum fiye da dubu 700 sun tsallaka Chadi, akasarinsu mata da yara, da yawansu ta garin Adre. Chadi tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya, kuma dama tana ɗauke da kusan mutum dubu 400 'yan yankin Darfur na Sudan tun rikicin 2003. Duk da haka ta bar su suka shiga. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wajen bakwai cikin goma na masu gudun hijira a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke zaune. Abin da nake cewa shi ne, ƙasashen masu arziki ba wuri suka rasa ba, ba kuɗi suka rasa ba. So ne ba sa yi. Mai ja ya ja.

Mazaunin Jamus:
Wa alaikumus salam. Malama, ni kam zan ja, domin kin yi musu kuɗin goro. A 2015 kaɗai mutum kusan dubu 890 suka shigo Jamus neman mafaka, lokacin Angela Merkel. Ɗakunan wasannin makarantu aka mayar wurin kwana. Kuma a nan karɓar mutum ba nuna masa fili ba ne a ce ya kafa rumfa. Doka ta wajabta a ba shi ɗaki, a ba shi kuɗin abinci, a kai shi asibiti, a sa yaransa makaranta, a koya masa Jamusanci. Ga ƙarancin gidajen haya da 'yan ƙasa kansu suke kuka da shi. Bayan shekara biyu, a zaɓen 2017, jam'iyyar AfD mai ƙin baƙi ta shiga majalisar tarayya karo na farko. Mu baƙaƙen fata da muke zaune nan mu ne muka fara ji a jikinmu. Sannan hatsin da ake rabawa a sansanonin Chadi, wa yake biya? Shekara da shekaru Amurka da Jamus da Tarayyar Turai ne kan gaba.

Lauya:
Ɗan'uwa, abin da Jamus ta yi a 2015 ba mai musa shi. Amma duba abin da ya biyo baya. A watan Maris na 2016 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya, ta yi alkawarin Yuro biliyan 6 don a tsare 'yan Siriya a can. A Fabrairun 2017 Italiya ta sa hannu da Libiya, aka bai wa masu gadin tekun Libiya jiragen ruwa da horo don su kamo mutane su mayar da su wuraren tsarewa, inda kowa ya san ana azabtarwa.

Bari in bayyana yadda dabarar take, don a nan kan maganar yake. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira galibi Turawa ne suka rubuta ta, saboda mutanensu da Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa, sai a 1967 aka faɗaɗa ta ta game kowa. Sashe na 33 ya hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. To amma sai ka taka ƙasarsu kafin ka nemi wannan haƙƙi. Sai suka tsaya a kan hana ka takawa. Ba za su ba ɗan Sudan biza ba. Kamfanin jirgin sama da ya ɗauko fasinja marar biza tara ake cin sa. Shi ya sa mutum yake biyan masu safara ninkin kuɗin tikitin jirgin sama don ya hau kwalekwalen roba. Mutum fiye da dubu 30 sun mutu ko sun ɓace a tekun Bahar Rum tun 2014. Ba su soke dokar ba, sun dai toshe hanyar da za a kai gare ta.

Ɗan Kasuwa:
Ni fa ban ga dalilin da zai sa mu riƙa ɗora wa Bature laifin komai ba. Burhan ɗan Sudan ne, Hemedti ɗan Sudan ne. Waɗanda suka kashe 'yan ƙabilar Masalit a garin El Geneina na Darfur ba daga Faransa suka zo ba. Shugabanninmu su kunna wuta, sannan mu ce dole wani ya buɗe mana gidansa? Kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa cikin masu hawa kwalekwalen nan ba yaƙi ya koro su ba, neman kuɗi ne. Su ne suka ɓata wa na gaskiya hanya. Ban da haka, wa ya fi mu korar baƙi? A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana wajen miliyan guda suka kwashe kayansu cikin 'yan makonni. Ita ma Ghana ta kori namu a 1969 zamanin Busia. Kamaru ta sha tiso ƙeyar mutanen Borno da suka gudu daga Boko Haram. Da wane baki za mu yi wa wani wa'azi?

Malama:
Alhaji, korar 1983 abin kunya ce, kuma abin da Kamaru ta yi laifi ne. Laifin wani ba ya wanke na wani. Amma ka ce kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta, Mazaunin Jamus kuma ya ce gidaje sun yi kaɗan. To ku amsa mini wannan. Rasha ta afka wa Ukraine ranar 24 ga Fabrairu 2022. Kafin 4 ga Maris, kwana takwas ke nan, Tarayyar Turai ta tayar da wata dokar kariya ta wucin gadi da take ajiye tun 2001, wadda ba a taɓa amfani da ita ba, ko lokacin da birnin Aleppo na Siriya yake ci da wuta. Mutum sama da miliyan 4 suka samu izinin zama da na aiki da makaranta, ba tare da dogon layin neman mafaka ba. Jiragen ƙasa kyauta aka ɗebe su. Na yi murna da aka yi musu haka, sun cancanta. Amma gidajen da aka ce babu, daga ina suka fito? A daidai wannan lokaci ɗalibanmu 'yan Afirka da suke gudu daga bam ɗin guda aka riƙa ture su baya a jiragen ƙasa da bakin iyaka, har sai da Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar koke.

Mazaunin Jamus:
Wannan kam akwai nauyi. Sai dai Ukraine maƙwabciyarsu ce, kamar yadda Sudan take maƙwabciyar Chadi. Kowa maƙwabcinsa yake fara ji. Ban ce launin fata ba ya ciki ba, ina nan ina gani. Amma ba shi kaɗai ba ne.

Lauya:
Kanada ba ta maƙwabtaka da Ukraine, amma ta shigar da kusan mutum dubu 300 daga can. Da ta buɗe wa 'yan Sudan hanya a 2024, sai ga masu dangi a Kanada kawai, kuma ta ƙayyade takardun da za ta karɓa a 'yan dubbai. Amurka kuma a Janairun 2025 ta dakatar da shirin karɓar 'yan gudun hijira gaba ɗaya, har da waɗanda aka gama tantancewa bayan shekaru suna jira, amma a watan Mayu ta aika jirgi ya kwaso fararen fata 'yan Afirka ta Kudu. Birtaniya fa? Ta ce za ta kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda, kotun ƙolinta ta ce haramun ne a Nuwamban 2023, sabuwar gwamnati ta soke shirin a 2024. Ministar cikin gida ta faɗa wa majalisa cewa an kashe fam miliyan 700, kuma mutum huɗu ne suka tafi, su ma don radin kansu. Wanda ya kashe wannan kuɗi don korar mutane ba zai ce mini talauci ya hana shi karɓarsu ba.

Baba:
'Ya'yana, tun ɗazu ina karantawa, kuna ta Turai da Amurka. Me ya sa ba wanda ya ambaci 'yan'uwanmu na yankin Gulf? Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Kuwait da Ƙatar, babu wadda ta sa hannu a yarjejeniyar 1951. Za su ce akwai 'yan Siriya da 'yan Sudan masu yawa a ƙasashensu, kuma haka ne, amma da igama, wato takardar izinin zama, suke zaune a ƙarƙashin kafili, wato wanda ya ɗauke su aiki. Ranar da aiki ya ƙare, zaman ya shiga rawa. Tekun Maliya kaɗai ya raba Port Sudan da Jidda. Ita Daular Larabawa ma ana zarginta da bai wa RSF makamai, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin yana da ƙwari, ita kuma tana musantawa. Mu da tarihin addininmu ya fara da hijira! Sahabbai sun gudu Habasha, Najjashi Kirista ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa duk da kyaututtukan da aka kai masa. Ansar sun raba dukiyarsu da Muhajirai, Allah ya yabe su a Suratul Hashri cewa suna fifita wasu a kan kansu ko da suna cikin buƙata. Idan za mu tuhumi wanda ba ya karanta wannan aya, mu fara da wanda yake karanta ta a sallah.

Malama:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni da na ce masu arziki, har da su nake nufi.

Ɗan Agadas:
Ina so in nuna wa Alhaji Ɗan Kasuwa cewa ba ƙofarsu kaɗai suke tsarewa ba, har cikin gidanmu suka shigo. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, kuma kowa a Agadas ya san matsin Turai ne ya sa aka tsananta ta. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka bar hanyar da take da rijiyoyi suka koma ɓoyayyun hanyoyi cikin hamadar Tenere, mutane suka riƙa mutuwa da ƙishirwa. Sai a Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Daga ƙarshen 2017 kuma aka riƙa kwaso 'yan gudun hijira daga gidajen tsarewa na Libiya ana ajiye su a Nijar, da alkawarin za a wuce da su ƙasashen Yamma. Wasu sun wuce, wasu suka yi shekaru suna jira. Iyakar Turai a garinmu aka kafa ta.

Ɗan Kasuwa:
Kuma gwamnatinku ta karɓi kuɗin ai, ba a ɗaure mata hannu ba. Har yanzu ban ji wanda ya amsa mini maganar masu neman kuɗi da suke fakewa da yaƙi ba.

'Yar Diffa:
Kawu, bari in amsa maka da abin da muka gani. Lokacin da Boko Haram ta ci Damasak a ƙarshen 2014, mutane suka riƙa tsallako kogin Komadugu, wasu a kwalekwale, wasu da iyo. Ba wanda ya tsaya tambayarsu ko yaƙi ya koro su ko neman kuɗi. Mafi yawansu ba sansanin Sayam Forage suka je ba, cikin gidajen mutane da gefen garuruwa suka sauka. A gidanmu iyali biyu muka ɗauka, tukunya ɗaya. An sha wuya, ruwa ya yi kaɗan, an yi saɓani, ba zan ɓoye ba. Haka mutanen Maraɗi suka karɓi na Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka koro. Akwai masu fakewa da yaƙi, gaskiya ne, kuma don haka aka yi tantancewa. Masu kuɗi suna da ma'aikata da kotuna da kwamfutocin da za su tantance. Amma ba a tantance mutumin da ya nutse a teku. Ka fara tsamo shi, sannan ka tambaye shi.

Bahaushen Sudan:
Na yi shiru ne saboda maganar a kaina take. Ni ɗan jihar Sennar ne. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka bi hanyar gabas, aka ba su wuri a bakin kogin Nilu, garin Mai Wurno yana nan har yau. Sudan ta karɓe mu. A 2024 RSF ta shiga Sinja, babban birnin jiharmu, dangina suka watse, wasu Gadarif, wasu Kassala, ƙanena ya nufi Masar, ita ma tun Yunin 2023 ta wajabta biza ga kowane ɗan Sudan, har mata da tsofaffi. Alhaji, na yarda da kai cewa 'yan ƙasarmu ne suka kunna wutar. Amma uwata ba ta zaɓi Burhan ba, ba ta zaɓi Hemedti ba. Kuma a cikin danginmu ban san mutum ɗaya da yake mafarkin Turai ba, gonakinsu suke so su koma. Wanda yake buƙatar fita shi ne mai ciwon ƙoda da asibitinsa ya rushe, da ɗalibar da jami'arta ta zama barikin soja. Su ma babu ofishin da za su je su cike takarda a duba lamarinsu cikin lokaci.

Mazaunin Jamus:
Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan'uwa. Ni dai har yanzu ina ganin idan aka buɗe ƙofa ba tsari, masu ƙin baƙi ne za su ci zaɓe, sannan a rufe ta gaba ɗaya. Da a ce kowace ƙasa mai hali za ta ɗauki adadi sananne duk shekara kai tsaye daga sansanoni irin na Adre, ta jirgin sama, da na sa hannu.

Lauya:
Shirin nan akwai shi, shi ne na sake tsugunarwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 2 suke buƙatarsa, waɗanda ake ɗauka a shekara kuwa ba su kai kashi goma cikin ɗari ba. A da Amurka ce ta fi kowa ɗauka, kuma shi ne shirin da ta dakatar a 2025, a shekarar da ta zaftare kuɗin agajin da kake cewa suna biya.

Ɗan Kasuwa:
Wannan na zaftare agaji ban goyi baya ba. Amma ina nan kan bakana, Tarayyar Afirka ta fara tsayar da yaƙin nan kafin mu nemi wani ya kwashi mutanenmu. Bahaushen Sudan, ƙanen naka ya samu shiga Masar ɗin kuwa?

Bahaushen Sudan:
Ya shiga, Alhaji, amma ta sahara a bayan motar masu safara, bayan ya gaji da jiran biza a Wadi Halfa. Yana Aswan yanzu, ba shi da takardar zama, ba ya fita sai dole.