Abin da aka tattauna kan hayar bene marar lif a Legas

Mutane sun tattauna kan wahalar zama a irin wannan bene da hawan da ya fi dacewa a kama haya. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda ruwa ne babbar matsala, ba matakala ba. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma mai ruwa yakan ƙara kuɗi gwargwadon hawa. Kafin ka biya haya, buɗe famfon sama da hannunka, ka tambayi maƙwabta wa ke kunna injin tura ruwa idan an ɗauke wuta. Kada ka tsaya kan maganar dillali kawai.

2. Tsofaffi, masu ciwon gwiwa da masu juna biyu: hawa na farko ya ishe su. Wata ta ce mahaifiyarta ta daina zuwa Juma'a saboda matakala.

3. Nan aka rabu. Masu son sama sun ce akwai iska, sauro da hayaniyar janareta sun ragu. Masu son ƙasa sun ce zafin rufin kwano ba wasa ba ne. Sai mazauna unguwar Festac da gidajen da tsohon gwamnan Legas Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983 suka tuna musu ambaliyar Yuni da Yuli. Ni dai na fi karkata ga hawa na tsakiya.

4. Ranar tashi, a auna faɗin matakala tun kafin a sayi firiji ko gado, kuma a daidaita da masu dako tun a ƙasa.

5. Gobara: kowane gida ya mallaki makullin ƙofar ƙarfen matakala, kada ya zauna wajen mai gadi shi kaɗai.