Dogon takobin Turawa: wanne zan saya don gwajin sara?

Sadauki_Jamus: Salam 'yan uwa. Na fara koyon wasan takobi mai hannu biyu a nan Jamus, irin salon Liechtenauer, wani tsohon malamin takobi na Jamus, yanzu ina son mai kaifi don gwada sara amma kuɗin takobin kamfanin Albion ya fi ƙarfina wallahi, akwai mai sauƙi da zai yi?

Baban_Ummi: Wa'alaikassalam. Duba na kamfanin Hanwei ko na Windlass, sai dai na Windlass yawanci ba kaifi yake zuwa ba, sai ka kai an wasa. Ka guji na ado da ake ratayewa a bango, ƙarfensu mai ƙyalli ne kuma wutsiyar da ta shiga ƙota siririya ce, kana sara ruwan takobin zai iya ficewa ya ji wa wani. Nemi wanda aka yi da nau'in ƙarfe mai lamba 1060 ko 5160, nauyi wajen kilo 1.5.

Zinder_Boy: Gaskiya ne Baba. Kuma fara da robar ruwa cike, kafin tabarmar tatami (irin ta Japan) da aka jiƙa. Ba ƙarfi ba ne, in kaifin bai daidaita da hanyar saran ba robar tsalle kawai zata yi.

Sadauki_Jamus: Na gode sosai. Tatamin awa nawa ake jiƙa ta?

Baban_Ummi: Barta ta kwana cikin ruwa, kuma kar kowa ya tsaya kusa da kai.