In ɗa ya bar hanyar Ubangiji, uwarsa za a tambaya?

Maman Nanret: Salama, 'yan'uwa. Tun da aka tashi sujada jiya maganar baƙon mai wa'azin nan take ci mini rai. Don waɗanda ba su zo rufe makon mata ba: cewa ya yi duk gidan da aka ga ɗa ya lalace, kada a wahala da bincike, a duba gwiwoyin uwarsa, za a tarar ba su saba da ƙasa ba. Rabin majami'a ta ɗauki tafi. Ni hannuna ya ƙi ɗaguwa. Don Allah a nuna mini inda aka rubuta haka.

Mama Saratu: 'Yata, gaskiya ɗaci gare ta. Karin Magana 22:6 ta ce a koya wa yaro hanyar da zai bi, ko ya tsufa ba zai rabu da ita ba. To wa ke tare da yaro tun yana goye? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunmu yake lokacin da yake ɗanyen. Mu a bakin murhu iyayenmu mata suka koya mana Addu'ar Ubangiji, ba mu ma san baƙi ba tukuna. Duba 2 Timoti 1:5. Da Bulus zai yabi bangaskiyar Timoti, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya kira. Uban Bahelene ne, ko ambatonsa bai yi ba. Ki buɗe littattafan Sarakuna kuma: kusan kowane sarkin Yahuza sai an faɗi sunan uwarsa, sannan a ce ya yi nagarta ko ya yi mugunta. Ba banza aka jera su haka ba.

Malama Rifkatu: Mama, da girmamawa, an faɗi sunayen, amma in ban da Ataliya uwar sarki Ahaziya, ba inda aka ce su suka jawo. Manassa ya yi shekara 55 yana sarauta, ya cika Urushalima da gumaka, uwarsa Hefziba ce, ubansa kuwa Hezekiya, sarki mai tsoron Allah. Ba aya ɗaya da ta ce Hefziba ba ta yi addu'a ba. Inda Allah ya kama wani da laifin lalacewar 'ya'ya a fili, gidan Eli ne. A 1 Sama'ila 3:13 Eli aka kama, don ya san abin da Hofni da Finehas suke yi bai hana su ba. Matar Eli ko sunanta ba mu sani ba. Afisawa 6:4 ubanni aka kira. A 1 Timoti 3:4-5, wanda zai shugabanci ikilisiya shi ake tambaya yadda yake riƙe da 'ya'yansa. Mai wa'azin ya tsallake waɗannan duka ya sauka a kan gwiwar mace.

Ladi: Anti Rifkatu, Allah ya ƙara miki. Ku zo gidanmu a Kabong ƙarfe biyar na asuba cikin Disamba ku gani. Sanyin Jos yana shiga har ƙashi, ni ce zan tashi in ɗora ruwan wanka, in jawo yara uku falo kowa ƙudundune da bargo, in ɗauko Littafin Waƙoƙi, ƙaramin yana gyangyaɗi a cinyata muna baiti na biyu. In na leƙa ɗaki na ce maigida a fito sujada, sai in ji daga ƙarƙashin bargo, "Ku yi har da ni." Babban ɗana ya fara tambayata me ya sa shi dole ne, Baba kuwa ba dole ba. Me zan ce masa?

Baba Dattijo: 'Ya'yana, a yi a hankali, kada a mai da dandalin nan kotun maza. Bawan Allah nan ƙarfafa ku ya zo yi, harshe ne ya ɗan zarce. Maza da yawa tun duhu suke fita, wani yana kan keke har dare, wani yana ramin kuza a bayan Bukuru, ba ƙin Allah ne ya hana su zama ba. Kuma tunda an taɓo, bari in faɗi nawa. Litinin koyon waƙa, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis ziyara, Juma'a addu'ar dare. Yaro ya dawo makaranta ya tarar da ƙofa a kulle, makulli a wurin maƙwabta. Uwa tana majami'a tana roƙa masa, shi yana bakin titi wasu suna koya masa nasu karatun.

Maman Nanret: Baba, wa ya tsara jadawalin? Ba majalisarku ba ce take sa hannu? In mace ta yi fashin Zumunta sau biyu a jere a ce ta yi sanyi a ruhaniya, a turo mata ziyara, wani lokaci har da tara. In ta zo kullum a ce ta bar gida. Ta ina za ta bi?

Baba Dattijo: Wannan kam akwai abin dubawa a ciki.

Maman Dauda: Ban so in yi magana ba, amma na ga ana ta kewaye ni, gara in fito. Kowa a nan ya san Dauda. Ya san kuma babansa ya rasu a rikicin 2001, yaron yana rarrafe. Da kwandon tumatir da kabeji na rene shi. Kafin gari ya waye ina Farin Gada ina jiran motocin 'yan lambu, kuma ban taɓa fita ban ɗora masa hannu a ka na yi addu'a ba, ko yana barci. Makarantar Lahadi bai fasa ba. Shi ne yake kaɗa babbar ganga a Birged, ƙungiyar samarin majami'a, kun sha tafa masa ranar maci. Zabura 23 da ta 121 a kansa suke, har yanzu in ya ga dama yana karanto su. Ya gama sakandare, aka yi ta neman gurbin jami'a ba a samu ba, zaman banza ya kai shi gindin duwatsun nan na bayan unguwa da suke kira jungul. Aka fara da wiwi, aka koma maganin tari. Da gwamnati ta hana kodin a 2018 na yi rawa a ɗakina, na ce an gama. Ashe wasu ƙwayoyin suna nan. Na yi azumi har likita ya ce in bari saboda gyambon ciki. Jiya ina zaune a layi na uku da ankon Zumunta a jikina. Da ya faɗi maganar gwiwa, mata biyu a gabana suka waiwayo, suka yi sauri suka mai da kai. Ban jira albarka ba, na fita ta ƙofar gefe. Mama Saratu, ke kin san gwiwoyina, tare muke durƙuso.

Ladi: Wayyo Mama. Sannu. Ubangiji ya share miki hawaye.

Mama Saratu: Maman Dauda, Allah shi ne shaida ba ke nake nufi ba, kuma waɗanda suka waiwaya ba su kyauta ba. Amma ba zan ce babu iyaye mata masu sakaci ba don in faranta wa dandali rai. Ina ganinsu. Yaro ɗan shekara uku yana kuka a miƙa masa waya, uwa tana kan tata wayar. An bar karatun Littafi ga malaman Makarantar Lahadi, awa ɗaya a mako. Waɗannan ai dole a faɗa musu. Titus 2 mu tsofaffi aka ba wannan aiki.

Malama Rifkatu: Titus 2 cewa ta yi ku koya musu, Mama. A gida, a tsakaninku. Ba a ce baƙo ya tsaya da lasifika ya yanke wa duk mai ɗa a jungul hukunci ba, alhali bai san ko mutum ɗaya a cikinmu ba.

Istifanus: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Ni na zauna a wurin da ake magana, kun sani. Akwai 'ya'yan pastoci a can, akwai 'ya'yan dattawa, akwai waɗanda uwayensu ke jan waƙa a Zumunta. Ba wanda ya je don uwarsa ba ta addu'a. Ni har haushin addu'ar mamata nake ji a lokacin, don ina jin sunana ta bango ƙarfe biyun dare. Abin da ya fitar da ni, wani kawuna ne ya zo ya ɗauke ni ya kai ni garejinsa a Dilimi, ya ce in na makara da minti biyar zai biyo ni har can. Mama ta ce amsar addu'arta ce, ban musa mata ba. Amma sai da wani namiji ya taka da ƙafarsa.

Maman Pasto: Na bi duka a hankali. Aya biyu zan ƙara. A Ishaya 1:2 Allah da kansa ya ce ya goyi 'ya'ya ya rene su, suka tayar masa. Wa zai ce renonsa ne da gyara? Ezekiyel 18:20 kuma ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Sannan ku tuna da Monika, uwar Agustin, babban malamin ikilisiya na dā, 'yar Afirka ce, daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Mijinta ba mai bi ba ne sai dab da rasuwarsa. Ɗanta ya shiga wata ƙungiyar addini ta daban, ya haifi ɗa ba aure, ya yaudare ta ya hau jirgin ruwa ya tafi Roma ya bar ta a bakin teku. An haife shi a 354, ba a yi masa baftisma ba sai 387 a Milan, ita kuma ta rasu a wannan shekarar. Da baƙonmu ya gamu da ita Agustin yana ɗan shekara 28, da abin da ya faɗa jiya zai faɗa mata.

Mama Saratu: To ai kin kawo mini hujja, Mama. Addu'ar uwa ce ta dawo da shi.

Malama Rifkatu: Ba wanda ya ce addu'ar uwa ba ta aiki. Cewa muke yi in ɗa bai dawo ba tukuna, wannan ba shaida ba ce cewa uwarsa ba ta yi. Magana biyu ce daban.

Mama Saratu: Na ji. Amma ni dai har gobe zan ci gaba da gaya wa 'yan matan nan su ajiye waya.

Maman Nanret: Ki gaya musu, Mama, ba mai hana ki. Baba Dattijo, Zumuntar Maza tana da kwamitin ziyara. Tun da Dauda ya shiga wannan hali, mutum nawa a cikinku ya je wurinsa?

Baba Dattijo: Maman Dauda, wane lokaci ake samunsa a gida?

Maman Dauda: Da sassafe, Baba, kafin ƙarfe bakwai. In rana ta ɗaga ya fita ke nan. Yana jin nauyin tsohon kyaftin ɗinsu na Birged, in za a samu a zo da shi.

Baba Dattijo: Zan kira shi yau. Asabar za mu zo, Istifanus ka shirya har da kai. Kada ki gaya wa yaron, in ya ji zai kwana a waje.