Ɗibar samfurin ruwa a gurɓataccen wuri: wace kariya ce ta wajaba?

Sabon Ma'aikaci:
Assalamu alaikum. An sanya ni cikin waɗanda za su ɗebi samfurin ruwa daga rijiyoyin gwaji a wani tsohon ma'ajin man fetur da tankunansa suka daɗe suna yoyo. Safar hannu kaɗai aka ba mu, kuma hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in nema kafin mu fita?

Malam Hashimu:
Wa alaikumus salam. Babban haɗari yana zuwa ne lokacin buɗe murfin rijiya, domin tururin da ya taru a ciki yakan fito gaba ɗaya, kuma a cikinsa akwai benzin, wani sinadari da ke cikin man fetur, wanda daɗewa ana shaƙarsa ke jawo sankarar jini. Ka tsaya ta inda iska ke tahowa, a bar rijiyar ta sha iska, sannan a auna da na'ura kafin kowa ya sunkuya. Kada ka dogara da hancinka, saboda akwai wata iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa, kashe jin wari take yi.

Hajiya Binta:
Ƙanena, ka kula da kwalaben samfurin su kansu. Wasu sukan zo da asid a ciki domin kada ruwan ya sauya, kuma na taɓa ganin ɗigo ɗaya ya huda wandon abokin aikinmu. Tabarau na kariya wajibi ne, haka ma sauya safar hannu tsakanin rijiya da rijiya. Ruwan da aka fara zuƙowa kuwa a durom mai murfi ake zuba shi, ba a ƙasa ba.