Me ya sa masu bincike suke son kifin zebra?

Hauwa: Assalamu alaikum. Me ya sa masana suke yawan amfani da kifin zebra, wannan ɗan kifin ruwan daɗi mai ratsi-ratsi wanda asalinsa ƙoramun Indiya da Bangaladash ne?

Malam Sani: Wa alaikumussalam, Malama Hauwa. Ƙwansa garau yake kamar gilashi, ta yadda bayan kimanin kwana 1 ana iya hango zuciyar ɗan tayin tana bugawa ta madubin ƙara girma, ba tare da an yanka komai ba.

Malama Binta: Ni abin da ya fi burge ni shi ne, idan aka yanke wani ɓangare na zuciyarsa, yakan sake tsirowa cikin kimanin wata 2, abin da zuciyar ɗan Adam ba ta iya yi.